Kamfanin da ke tura nas masana'antu: tsarin aikinsu ya yi, albashin Kano ne bai yi ba

Taurari uku na ba su cikin biyar, kuma da a kan tsarin aiki kaɗai zan yi hukunci da huɗu zan bayar ba tare da na yi dogon tunani ba, albashi ne ya ja su ƙasa. Maganar wani kamfani nake daga cikin masu ɗaukar nas su tura su kilinik ɗin masana'antu, hedikwatarsu na Legas, suna da ɗan ofis a nan Kano. Ba zan kama suna ba don har yanzu akwai ƙawayena da ke cin abinci a ƙarƙashinsu, kuma duk wadda ta taɓa aiki da irin waɗannan kamfanonin za ta shaida kusan tafiyarsu ɗaya ce. 'Yan uwa da dama sun tambaye ni ko su cike fom ɗinsu, shi ya sa naga gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Maza nas ku yi haƙuri zan ta cewa ke, mu muka fi yawa a harkar, amma maganar ta shafe ku.

Ga wadda ba ta san yadda abin yake ba, masana'anta ba ta son ɗaukar nas a matsayin cikakkiyar ma'aikaciyarta, sai ta ba wa kamfanin lafiya kwangila, kamfanin ya kawo nas ya kawo magani da kayan aiki da likita mai leƙowa jefi-jefi, ƙarshen wata masana'anta ta biya kamfanin dunƙule shi kuma ya yanka wa nas nata. Toh kinga kenan kullum kina shiga get ɗin masana'anta, leburori na ce miki Sista, manaja ya san sunanki, amma a takarda ke ba tasu ba ce, ke ta kamfanin kwangila ce. Ki riƙe wannan, duk maganar albashin da zan yi daga nan ta taso.

Bari in fara da abin da suka yi daidai don haƙƙinsu ne a faɗa. Ɗaukar aikin babu wani sai ka san wani, intabiyu aka yi min na gaske, wata tsohuwar metiron ce ta zauna da ni tana tambaya ta me zan yi in sinadari ya fantsama wa mutum a ido, minti nawa zan yi ina wanke shi da ruwa, yaushe zan tura asibiti yaushe zan riƙe. Sun duba lasisina na NMCN, hukumar da ke ba nas da ungozoma lasisi, sun tabbatar bai ƙare ba, kuma kin san duk shekara 3 ake sabunta shi sai kin haɗa makin MCPDP, wato kwas ɗin ƙarin ilimi na dole, to su suna tuna miki kafin lokaci, har suna ba ki ranakun zuwa kwas ɗin ba a yanke miki komai ba. Kuɗin kwas ɗin dai daga aljihunki. Sun nemi ganin satifiket ɗina na fannin lafiyar ma'aikata da na yi a makarantar asibitin koyarwa na UCH Ibadan bayan na gama karatun nas, sun yi ta yabawa wai ba mu da yawa a Arewa, zan dawo kan wannan yabon.

Magani da kayan aiki ba sa yankewa, wannan kam na yarda. Ki rubuta abin da ya kusa ƙarewa a farkon mako kafin ƙarshensa an kawo, bandeji, safar hannu, ruwan wanke ido, allurar tetanos, gishiri da sukari na sha wanda a watan Maris da Afrilu yake ƙarewa kamar me, don zafin Kano in ya haura digiri 40 a waje to cikin ɗakin inji sai wanda ya shiga, balle in ya haɗu da azumi. Na'urar awon jini in ta fara ƙarya suna canja ta. Na'urar gwajin ji da ta gwajin numfashi ba a kilinik suke zama ba, zagayawa ake da su daga wannan masana'anta zuwa waccan, amma suna zuwa a kan lokaci in an zo gwajin shekara. Wadda ta yi aiki a ƙaramin asibitin kuɗi inda sai kin roƙi auduga ta san darajar wannan.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne suna tsaya wa nas in ta yi gaskiya. Wurin da aka fara tura ni masana'antar jima ce a Challawa nan Kano, akwai wani bawan Allah mai aiki a wajen manyan gangunan da ake juya fata da sinadarin kuromiyam, ya zo min wai a ba shi man shafawa hannunsa na ƙaiƙayi. Da na sa shi ya buɗe hannun sai naga wasu 'yan gyambuna ƙanana a gindin farce da kan gaɓoɓin yatsu, zagaye, masu zurfi, bakinsu ya yi tauri, kuma yace ba sa masa wani ciwo sosai shi ya sa bai damu ba. Nace ya kawo min safar hannun da yake aiki da ita, gajera ce iya wuyan hannu kuma ta tsage a tsakanin yatsu, ruwan gangar shiga yake ya kwanta a ciki tun safe har a tashi. Na duba sauran 'yan sashen na samu masu irin haka. Na rubuta rahoto, sufabaiza na masana'antar yace ai haka aikin jima ya gada, sai na tura wa kamfaninmu, su kuma suka sa shi a takardarsu mai tambari likitansu ya sa hannu suka aika wa mai masana'antar kai tsaye. Aka sayo dogayen safar hannu masu kaiwa gwiwar hannu, aka gyara famfon wanke hannu na kusa da gangunan, mutumin aka mayar da shi sashen busar da fata har ya warke. Da ni kaɗai ce ma'aikaciyar masana'antar kai tsaye, wallahi rahoton nan a durowa zai mutu.

Haka ma maganar sirri. Manaja zai zo yace Sista me ke damun wane, kullum yana karɓar takardar hutu, su kamfanin tun ranar farko suka ce amsarki ɗaya ce, zai iya aikin, ko zai iya amma da sharaɗi, ko ba zai iya ba a yanzu, ciwon mutum kuwa tsakaninki da shi da likita ne. In manaja ya matsa ki ba shi lambar ofis. Na yi hakan kuma sun tare min.

To yanzu albashi.

Suna da wani jadawali da suka raba ƙasar gida-gida, Legas daban, Fatakwal da kewaye daban, Abuja daban, sai kuma wani rukuni da suka jefa Kano da Kaduna da duk sauran Arewa a ciki, shi ne na ƙarshe a ƙasa. Ba sa nuna miki jadawalin, adadi kawai za ki gani a takardar ɗauka. Ni a wajen wani taron horaswa da suka haɗa mu ta waya muka saba da 'yan uwa na sauran garuruwa, muka buɗe guruf a WhatsApp, da tafiya ta yi tafiya aka fara faɗa wa juna gaskiya. Abin da ake ba ni, da satifiket ɗin Ibadan ɗin da komai, bai kai ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024. Wata da muka gama makaranta kusan lokaci ɗaya, tana kilinik ɗin wani kamfanin da ke yi wa masu haƙar mai hidima a Trans-Amadi da ke Fatakwal, nata ya haura ninki biyu na nawa, kamfani ɗaya ne ya ɗauke mu, yunifom ɗinmu iri ɗaya, fom ɗin rahoton da muke cikewa iri ɗaya.

Na kira mai kula da ma'aikata a Legas na tambaye ta cikin girmamawa. Tace "Sista ki yi haƙuri, ai rayuwa a Kano da sauƙi, haya ba tsada, abinci ba tsada, ba za ki haɗa kanki da masu zama a Legas ba." Nace Madam na yarda haya a Legas ta fi ta Kano nesa ba kusa ba, kuma na yarda wadda za ta taso daga Ikorodu zuwa Apapa kullum tana kashe abin da ban kashewa, amma litar man fetur da aka cire wa tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ba ta san Arewa da Kudu ba, mu ma nan ta fi tsada don daga can ake ɗauko shi a tanka. Kuɗin Adaidaita daga unguwarmu zuwa Challawa ya ninka, magani farashi ɗaya, kuɗin makarantar yara bai tsaya ba, data ɗaya muke saye. Tace za ta isar da saƙo sama. Ta yi min magana da mutunci, ban ga laifinta ba, ba ita ta rubuta jadawalin ba.

Amma bari in gaya muku abin da ya sa ban gamsu da hujjar tsadar rayuwa ba. Gwamnatocin jihohi da suka zauna suka yi lissafin mafi ƙarancin albashinsu a 2024, Kano ta tsaya a 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000, Ribas ita ma 85,000. Tsakanin Kano da Legas bambancin bai ma cika kashi 20 cikin ɗari ba. To in don tsadar gari ne, a ce na Fatakwal ya ɗara nawa da kashi 20 ko 30, ba zan ce uffan ba, amma ninki biyu da ɗoriya wace irin tsada ce wannan. Sannan a guruf ɗin namu akwai wata 'yar uwa a wata masana'antar roba a gefen Legas, da ta faɗi nata sai naga kaɗan ta ɗara ni, ita da ke biyan hayar Legas ɗin da ake min misali da ita. A cikin Legas ɗin kanta, wadda ke kilinik ɗin kamfanin mai da wadda ke masana'antar roba tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanina da mai robar. Kinga ashe ba gari ne ke yanka albashin ba, aljihun wanda ya ba da kwangilar ne, sunan gari kawai ake rubutawa a saman jadawalin don ya fi sauƙin faɗa.

Kuma ni ban ce kamfanin mai kada ya biya da yawa ba, ya biya mana, akwai dalili. Su suna da ƙa'idojin da uwar kamfani ta ƙasar waje ta ɗora musu, ba za su ba kamfani kwangila ba sai sun ga nawa zai biya nas ɗin, ga ƙungiyoyin ma'aikatan mai PENGASSAN da NUPENG da ba sa wasa da maganar kilinik, ga wadda za ta je kan teku sai ta yi horon BOSIET na tsira in jirgi mai saukar ungulu ya faɗa ruwa, ta bar iyalinta makonni. Wannan ta ci kuɗinta halak malak. Ko a nan Arewa inda manyan masana'antun siminti suke, irin su Obajana da Kalambaina da Ashaka, maganar kilinik ba irin ta ƙananan masana'antun cikin gari ba ce. Mu kuwa namu na Sharada da Bompai da Challawa da titin Haɗejia, masu su kuka suke da wuta da dizal, da yawa sun rufe, wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki ya ga yadda ta koma yanzu ya san abin da nake nufi. Mai masana'antar da ke lissafin dizal kullum, kilinik a wajensa kashe kuɗi ne kawai, zai taya kwangilar a mafi arha, kamfanin kwangila kuma ba zai taɓa ribarsa ba sai ya rage daga wajen nas. Duk wannan na fahimta.

Abin da ban yarda da shi ba biyu ne. Na farko ɓoyewar. Wata ƙawata da ke aiki a Ingila ta nuna min yadda nasu yake a NHS, wato asibitocin gwamnatinsu, matakin albashi a rubuce yake kowa na iya dubawa a intanet, in kina tsakiyar Landan ana ƙara miki kashi 20 cikin ɗari, gefen Landan kashi 15, garuruwan da ke kewaye kashi 5, da iyakar ƙasa da ta sama duk a rubuce. Ba wai nasu ya ishe su ba, su ma sun yi yajin aiki, amma ko ba komai kin san ainihin kuɗin aikin kaza ne, ƙarin gari kaza ne. Ko nan gida ma tsarin albashi na CONHESS na asibitocin tarayya haka yake, nas a asibitin Malam Aminu Kano da nas a asibitin koyarwa na LUTH a Legas in matakinsu ɗaya albashinsu ɗaya ne. Me zai hana kamfanin nan ya ce ga kuɗin nas mai satifiket ɗin lafiyar ma'aikata ko ina take, ga ƙarin gari, ga ƙarin irin haɗarin wurin? Ba za su yi ba don in suka yi za a ga ratar da ke tsakanin abin da masana'anta ke biya a kan kujerar nas da abin da ke isowa hannunta. Wani akanta a masana'anta ta biyu da aka tura ni, ta roba a Sharada, ya taɓa ce min "Sista ai ku kuna shan daɗi" don shi yana ganin adadin da suke turawa duk wata, da na gaya masa nawa ke shigowa asusuna shiru ya yi ya kama bakinsa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Na san a cikin kuɗin akwai magani da likita da ribar kamfani, ban ce a ba ni duka ba, a nuna min rabon kawai.

Na biyu, haɗari ba ya cikin lissafinsu sam. In da haɗarin wuri ake bi, wadda ke zaune a masana'antar jima tana shaƙar abin da leburori ke shaƙa, ko wadda ke masana'antar roba inda inji ke ƙara sama da desibel 85 ɗin da aka sani yana kashe ji in an daɗe ana sha awa 8 a rana, ita ya kamata ta fi wadda ke kilinik ɗin ofis mai AC tana auna hawan jinin manyan ma'aikata. A Sharada sai na fita daga kilinik in rufe ƙofa biyu kafin in iya gwajin ji da kyau, yara samari 'yan shekara ashirin da wani abu za ki ga layin gwajin ya faɗa a sautuka masu tsini, shi bai ma sani ba, sai dai yace matarsa na cewa yana ƙure rediyo. Yatsu kuwa da injin niƙa roba ke ci, Allah ya kiyaye, ke kaɗai ce a wurin da daddare za ki tsayar da jini ki nemo mota ki rubuta rahoto. Kuma kar wani yace Arewa ba ta da matsalar lafiyar wurin aiki, gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ta fito. Aikin yana nan jibge, masu iya shi ne 'yan kaɗan, kuma su da bakinsu suka ce ba mu da yawa, amma ko sisi ba a ƙara min a kan satifiket ɗin ba, daidai nake da wadda ta fito makaranta jiya. A gwamnati ma da aka yi shekara da shekaru ana ba da naira 5,000 alawus ɗin haɗari, ai an ƙara shi a ƙarshen 2021, kuma da ƙungiyar nas ta ƙasa NANNM ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 alawus ɗin shif da na yunifom na cikin abin da ta nema. Mu na kwangila babu mai yi mana wannan faɗan, ko an samu ƙari ba ya zuwa kanmu.

Sun san kuma dalilin da ya sa muke karɓa. Makarantun nas sun yi yawa suna yaye ɗalibai, ɗaukar aikin gwamnati sai an jira, mafi yawanmu matan aure ne da yara ba za mu iya tattarawa mu koma Onne a Ribas ko Lekki a Legas ba ko da an ninka sau uku, to in kin ƙi akwai layi a bayanki. Wannan shi ne ainihin abin da ke riƙe da albashin Kano a ƙasa.

Sai maganar takardar albashi, nan ma ki buɗe ido. Ba sa bayarwa sai kin nema, in kin nema suna turowa ba gardama. Dokar fansho ta 2014 tace mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 ke kuma a cire miki kashi 8, kuma lissafin ba zai gaza kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri ba. To dabarar ita ce sai a ƙanƙanta waɗannan ukun, a tura kaso mai tsoka cikin wani abu da ake kira sauran alawus, kinga fanshon ya tsuke kenan. Nawa haka aka yi shi. Suna zubawa kam, amma ba kowane wata a kan lokaci ba, doka kwana 7 na aiki ta bayar bayan an biya albashi, ni kuwa sai in ga saƙon kamfanin fanshona ya yi shiru sannan a zuba na watanni a haɗe. Albashin kansa yana shigowa, wani lokaci ya ɗan tsallaka cikin sabon wata in masana'anta ta yi jinkirin biyansu, amma ban taɓa bin su bashin wata cur ba, wannan ma a rubuta musu.

NSITF, asusun biyan diyyar wanda ya ji rauni a wurin aiki, shi ma abin dubawa ne. Ke ce za ki riƙa cike wa leburori takardun diyya in sun ji rauni a ƙarƙashin dokar 2010, wadda ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire wa ma'aikaci komai, to ke fa, in allura ta soke ki ko sinadari ya taɓa ki wa ya rufe ki? Ba masana'anta ba ce, kamfanin kwangila ne. Na tambaya sun nuna min shaidar rijistarsu, hankalina ya kwanta, amma da ban tambaya ba babu mai gaya min. Rigakafin ciwon hanta su suka biya mana. Inshorar lafiya akwai, sai dai ke kaɗai ta rufe banda miji banda yara, alhali 'yan uwanmu na Fatakwal tasu har da iyali, wannan ya min ciwo fiye da yadda nake zato don ranar da ɗana ya kwanta da zazzaɓin taifot daga aljihu na biya ina sanye da katin inshora a jaka.

Shif awa 12 ne, safe ko dare, kuma a kwantiragin Kano babu alawus ɗin dare, wai an riga an dunƙule shi a ciki. Obatayim sai manajan masana'anta ya sa hannu sannan ofis ɗin Kano ya tura Legas, ki dai riƙa ajiye kwafi. Mai karɓar ki in za ki hutu suna turowa, ba a taɓa hana ni hutun shekara ba, ranar Juma'a da lokacin salla ba wanda ya takura min. Hutun haihuwa iya abin da dokar ƙwadago ta tanada suke bayarwa, mako 12 da rabin albashi, babu ƙari. Kwantiragin na shekara ɗaya ne ana sabuntawa, kuma a ɗaure yake da kwangilar masana'anta, in ta soke yau ke ma kin zauna a gida sai an samo wani wurin, ba mataki ba ƙarin girma, shekararki biyar da shekararki ɗaya duk Sista ce a kujera ɗaya.

Wa zan ce ta je? Wadda ta gama hidimar ƙasa ko ta gama makaranta tana zaune, ta je, za ta koyi aikin da ba a koyarwa a wod, rubuta rahoton haɗari, zagayen duba wurin aiki, gwajin ɗaukar ma'aikata, yadda ake magana da manaja ba tsoro, kuma sunan aikin a takardarki shi ne zai buɗe miki ƙofar manyan kamfanoni nan gaba don su gogewa suke tambaya. Namiji ko macen da za ta iya tafiya, ki shiga ta Kano amma tun a intabiyu ki ce a rubuta kina son canjin wuri in gurbi ya samu a Kudu, suna yi, na ga wanda aka mayar. Wadda kuma take da aikin gwamnati a hannu, ko na jiha ne, kar ki ajiye shi saboda wannan, lissafa fansho da ƙarin mataki da kwanciyar hankali tukunna.

In za ki sa hannu, ki nemi a rubuta miki albashin gaba ɗaya da abin da zai shigo hannu bayan an cire komai, da yadda aka raba shi, ki tambayi wace masana'anta ce takamaimai kafin ki amince da adadi don kamar yadda na faɗa ita ce ke yanke kuɗin, ki tambayi lasisinsu na ɗaukar ma'aikata daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ki tambayi dare da obatayim da inshorar iyali. Suna da ɗan wurin ɗagawa in kin tsaya, wata a cikinmu ta ƙi tayin farko aka kira ta bayan kwana biyu da ƙari. Ni da lokacin sabuntawa ya zo na rubuta musu cewa zan ci gaba in za a saka kuɗin satifiket da na dare a matsayin layi daban a takardar albashi, suka amince da na dare suka ce na satifiket sai an sake zama da masana'anta. Kuma duk alƙawarin da ɗan ofis ɗin Kano ya yi miki da baki a kan kuɗi kar ki ajiye aikin da kike yi a kansa, ba su da ikon yanke ko naira ɗaya, ki jira takarda daga Legas mai sa hannu.